Ku Tambaya Mu Amsa: Kemistiri, Bincike da Aikin Jami'a

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan fili a watan nan daga ɗalibai da ƙananan malaman ilimin sinadarai suka fito, kuma kusan dukansu a kan rassa biyu suke magana: reshen da ke nazarin sinadaran da aka gina a kan kabon, wanda ake kira oganik, da reshen da ke bin sawun sinadarai a cikin iska da ruwa da ƙasa, wato kemistirin muhalli. Mun taƙaita tambayoyin, mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna, sa'annan mun sakaya sunayen masu su.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a shekara ta uku ta digirin farko a sashen kemistiri, kuma burina in zama malamar jami'a. An ce mu zaɓi fannin da za mu yi aikin kammala karatu a kansa, sai raina ya rabu tsakanin oganik da muhalli. Wasu abokan karatuna suna cewa oganik ne ainihin kemistiri, muhalli kuwa ɗebo ruwa ne kawai a auna. Wanne ya fi?

AMSA: Malama, maganar abokan karatunki tsohuwa ce, an daɗe ana yin ta a sassan kemistiri, amma ba ta da tushe. Abin da ya raba fannonin biyu shi ne irin tambayar da kowanne yake yi, da irin aikin da hannu zai riƙa yi kullum. Mai oganik yana son sanin yadda aka jera ƙwayoyin zarra a cikin sinadari, da hanyar da zai bi ya gina shi ko ya sauya masa siffa. Yininsa a tsaye yake ƙarewa gaban akwatin zuƙe hayaƙi, yana haɗawa, yana ɗumamawa, yana tacewa, yana raba abin da yake so da wanda ba ya so, kafin ya kai ɗan abin da ya samu wa na'ura ta tabbatar masa da siffarsa. Tun 1828, lokacin da Friedrich Wöhler na Jamus ya samar da yuriya, sinadarin da ake samu a fitsari, a ɗakin gwaji daga wani gishiri da ba daga jikin mai rai ya fito ba, fannin ya karkata ga gini da ƙira. Mai muhalli kuwa yana son sanin inda sinadari ya tafi bayan ya bar masana'anta ko gona, abin da ya rikiɗe ya zama a hanya, yawan da ya rage, da wanda yake cutarwa. Rabin aikinsa a waje yake, wajen ɗebo samfur, ragowar rabin kuma a gaban na'urar awo, yana neman abin da sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin biliyan ba.

Duk wanda yake ganin awo ƙaramin aiki ne, ya dubi abin da ya sami Clair Patterson na jami'ar Caltech a Amurka. Shekarun duniya yake son ƙididdigewa ta hanyar auna dalma a cikin duwatsun da suka faɗo daga sararin samaniya, sai ya tarar duk abin da ya auna dalma ta yi yawa a ciki, domin tana cikin ƙurar ɗaki, tana cikin ruwan wanke kwalabe, tana ma jikin mai awon. Sai da ya tanadi ɗaki na musamman mai tsananin tsafta kafin ya sami adadin da ya wallafa a 1956, wato shekara biliyan 4.55, adadin da har yau ba a kauce masa sosai ba. Wahalar da ya sha ita ta sa ya tambayi inda dalmar take fitowa, ya bi ta har zuwa wani sinadarin oganik mai ɗauke da dalma da aka fara zubawa a man fetur tun shekarun 1920. Ƙasar da ta zo ta ƙarshe wajen daina sayar wa motoci irin wannan fetur ita ce Aljeriya, a 2021.

Ki lura cewa fannonin biyu sun haɗu a wannan labari, kuma haka abin yake a yawancin manyan matsalolin gurɓata. Sinadaran CFC da aka riƙa sawa a firji da gwangwanin feshi an ƙera su ne domin ba sa kama wuta, ba su da guba, kuma ba sa cuɗanya da komai, sai ga shi wannan hali na ƙarshe shi ya jawo masifa. A 1974 Mario Molina, matashin da bai daɗe da gama digiri na uku ba, da shugaban bincikensa Sherwood Rowland suka nuna cewa tunda babu abin da ke lalata su a nan ƙasa, za su yi ta tashi har can sama inda hasken rana mai ƙarfi zai ɓalle kulorin daga jikinsu, kuma ƙwayar kulorin guda tana iya rusa dubban ƙwayoyin ozon da ke kare mu daga wannan haske. Daga nan aka kai ga Yarjejeniyar Montreal ta 1987 da ta taƙaita amfani da waɗannan sinadarai, su kuma suka raba lambar Nobel ta 1995 da Paul Crutzen. Ga misali na baya-bayan nan: a 2020 masu bincike a jihar Washington ta Amurka suka gano abin da ya daɗe yana kashe wani nau'in kifin salmon a rafukan cikin gari bayan an yi ruwan sama. Wani sinadari ne da ake sawa a tayar mota don kada ta tsattsage, wanda idan ya gamu da ozon sai ya rikiɗe ya zama guba ga kifin, ruwa kuma ya wanke shi daga kwalta zuwa rafi. Da ɗebo ruwa aka fara aikin, amma abin da ya warware shi shi ne rarrabe ɗimbin sinadarai, da gano siffar guda ɗaya a cikinsu, da sake haɗa shi a ɗakin gwaji don a tabbatar.

In ra'ayina kike nema, ki riƙe oganik da kyau a digirin farko ko da muhalli za ki bi daga baya, domin ya fi sauƙi mai tushe a oganik ya koma nazarin gurɓata a kan mai muhalli ya dawo ya koyi gina sinadarai bayan ya girma a aiki. Amma ki auna halinki ma. Idan kina da haƙurin maimaita gwaji guda har mako uku yana ƙin ci, kina sauya abu ɗaya a kowane karo, oganik zai karɓe ki. Idan kuwa lissafi da ƙididdiga da fita fili sun fi burge ki, kada maganar kowa ta hana ki bin muhalli.

TAMBAYA: Na kammala digiri na biyu a kemistirin muhalli, ina koyarwa a makarantar sakandare, amma ina so in koma jami'a. Shin dole ne sai da digiri na uku? Kuma wane tsani ake bi har a kai matsayin farfesa?

AMSA: Malam, akwai ƙasashen da ake ɗaukar mai digiri na biyu a ƙaramin matsayi bisa sharaɗin zai yi na uku, amma a kimiyyar gwaji da wuya ka sami inda ake wuce matakan farko ba tare da shi ba. Dalili kuwa shi ne digiri na uku ne shaidar cewa mutum ya iya ɗaukar tambayar da ba wanda ya san amsarta, ya bi ta shekaru, ya kare sakamakonsa a gaban masana. A Ingila yakan ɗauki shekara 3 zuwa 4. A Amurka yakan kai 5 ko 6, domin ana yawan shiga kai tsaye daga digirin farko, a fara da darussa da koyar da ƙananan ɗalibai. A Jamus kuwa ɗalibin yakan zama ma'aikacin bincike ne mai albashi a ƙarƙashin wani farfesa. Bayan digirin, a manyan jami'o'in bincike ana sa ran mutum ya yi aikin wucin gadi na shekara biyu ko uku a ɗakin gwajin wani, sau da yawa a wata ƙasa, domin ya koyi sabuwar dabara kuma ya nuna cewa ba inuwar malaminsa kaɗai yake ci ba.

Tsanin kansa ya bambanta. A tsarin Ingila, da ƙasashen da suka gaje shi, ana farawa da lakcara, a zama babban lakcara, sai rida ko mataimakin farfesa, sa'annan farfesa. A Amurka ana ɗaukar mutum a matsayin ƙaramin farfesa, a ba shi kimanin shekara shida ya kafa ɗakin gwajinsa, ya nemo kuɗin bincike, ya wallafa, sai a zauna a duba aikinsa; in ya tsallake ya sami kujerar dindindin, in bai tsallake ba ya nemi wani wuri. A Jamus al'adar da aka gada ita ce a sake rubuta wani babban kundi bayan na digiri na uku, ko da yake yanzu an buɗe wasu hanyoyin.

Akwai abubuwa biyu da ba a cika gaya wa masu wannan buri ba. Masu digiri na uku sun fi kujerun jami'a yawa nesa ba kusa ba, saboda haka da yawansu a masana'antun magani, da hukumomin kula da muhalli, da kamfanonin tace ruwa suke ƙarewa, kuma wannan ba faɗuwa ba ce. Sa'annan duk yadda mutum ya hau sama, haka yake nisa da kwalba da na'ura, lokacinsa ya koma ga rubuta takardun neman tallafi, da duba kundayen ɗalibai, da shiga aji, da zaman kwamiti. Wanda gwajin kansa yake so, ya san da wannan tun da wuri.

Shawarar da na fi ba muhimmanci ita ce ta zaɓen malamin da zai kula da bincikenka, domin ya fi sunan jami'ar tasiri a rayuwarka. Ka bincika inda tsofaffin ɗalibansa suka je, da shekarun da suka yi kafin su gama, da ko sunayensu suna fitowa a gaba a maƙalun da suka yi wahalarsu, da ko yana da kuɗin sayen sinadarai. Ta fuskar tallafi, ka duba cibiyar TWAS da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya jagoranci kafa ta a 1983 domin masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa, da ƙungiyar OWSD mai tallafa wa mata, da hukumar DAAD ta Jamus, da tallafin karatu na Commonwealth. Idan za ka rubuta wa wani farfesa, ka fara karanta maƙalarsa biyu ko uku, ka faɗa masa abin da kake so ka ɗora a kai. Wasiƙar da aka aika wa mutum hamsin da lafazi ɗaya ana gane ta daga layin farko.

TAMBAYA: Ina digiri na biyu a oganik. Malamin da ke duba aikina ya ba ni wani tsiro da ake magani da shi, ya ce in tatso abin da ke cikinsa in gwada a kan ƙwayoyin cuta. Sashenmu ba shi da na'urar NMR mai gano siffar sinadari, ko wata babbar na'ura. Wani ya ce mini irin wannan aiki ba ya kai mutum ko'ina. Gaskiya ne?

AMSA: Malam, wanda ya gaya maka haka yana da rabin gaskiya, kuma gara ka san wane rabin ne. Akwai wani salon aiki da ya cika kundayen digiri a ƙasashe da dama: a busar da ganye, a niƙa, a jiƙa a metanol, a ɗiga wasu sinadarai a ga launi ya sauya, a rubuta cewa tsiron yana da alkaloyid da tanin da filabonoyid, a sa ruwan a faranti mai ƙwayoyin cuta a ga sun ja baya, sa'annan a rufe da cewa binciken ya tabbatar da amfanin tsiron. Matsalar ita ce tsirrai masu yawan gaske suna da waɗannan ajujuwan sinadarai, tanin kuma yana manne wa furotin iri-iri ba tare da zaɓi ba, kuma idan aka zuba da yawa, ruwan tsirrai da dama zai hana ƙwayar cuta girma a faranti. Wanda ya tsaya a nan bai gano komai ba tukuna.

Aikin yana zama bincike ne idan aka ci gaba. Ka fara da tabbatar da sunan tsiron a wurin masanin tsirrai, a ajiye samfurinsa da lamba a ma'adanar tsirrai, don wani ya iya maimaita aikinka. Sa'annan ka raba abin da ka tatso kashi-kashi, ka gwada kowane kashi, ka ɗauki wanda ya fi ƙarfi ka sake raba shi, har ka isa ga sinadari guda tsantsa. Shi za ka nemi siffarsa, ka auna mafi ƙarancin adadin da ke aiki, ka kwatanta da maganin da aka riga aka sani, ka kuma duba ko yana kashe ƙwayoyin jikin mutum kamar yadda yake kashe na cuta. Yawancin wannan tafiya ba ta buƙatar babbar na'ura. Bututun gilashi ne, da garin silika, da ruwan narkarwa, da haƙuri. Na'urar NMR sai a ƙarshe ake nemanta, kuma 'yan miligiram kaɗan sun isa a aika wa abokin aiki a wata jami'a, a sa sunansa a maƙala idan gudummawarsa ta kai. Irin wannan haɗin gwiwa abu ne da aka saba a fannin, ba bara ba ne.

Tu Youyou ta ƙasar Sin ta wannan hanya ta bi. Ita da abokan aikinta sun gwada tsirrai masu yawa a kan zazzaɓin cizon sauro, wani tsiro dangin tazargade yana ba su sakamako yau ya ƙi gobe, har ta fahimci cewa zafi ne yake lalata abin da suke nema, ta koma tatsa da wani ruwan narkarwa mai suna ether a ƙaramin zafi. A 1972 suka ware sinadarin atemisinin tsantsa, a 2015 ta sami lambar Nobel. Ka kuma san tsawon hanyar: an ɗebo ɓawon itacen da aka samo maganin sankara na taksol a 1962, an wallafa siffarsa a 1971, amma sai 1992 aka amince a yi amfani da shi a Amurka. Digiri na biyu ba zai haifar da magani ba. Sinadari guda da aka ware da kyau, aka tabbatar da siffarsa, ya isa abin alfahari.

Masu muhalli ma kada su ɗauka wannan magana ba ta shafe su ba. Su ma suna da nasu salon da aka gaji da shi: a ƙona ɓawon wani abu ya zama gawayi, a nuna yana tsotse launin rini daga ruwan da aka haɗa a ɗakin gwaji, ba tare da an gwada shi a ainihin gurɓataccen ruwa ba, ko an faɗi inda za a kai gawayin bayan ya ƙoshi. Ko kuma a ɗebo ruwa sau ɗaya a wurare uku, a auna ƙarafa masu guba, a yanke hukunci a kan kogi sukutum. Gyaran wannan ba kuɗi yake ci ba, kula yake ci. A auna samfurin da babu komai a cikinsa don a san abin da kwalba da asid suka ƙara, a zuba adadin da aka sani a ga nawa na'ura za ta dawo da shi, a maimaita, a ɗebo a lokuta dabam-dabam na shekara, a kuma faɗi iyakar ganin na'urar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma da ta arsenik a ruwan sha a maikurogiram 10 cikin lita. Idan na'urarka ba ta iya ganin abin da ke ƙasa da 50, to rubuta cewa ba a ga dalma ba bai nuna ruwan yana da lafiya ba, kuma mai karatu masani zai gane haka nan take.

TAMBAYA: Ina yawan jin ana ambaton koren kemistiri. Fanni ne mai zaman kansa da mutum zai iya gina aikinsa a kai, ko yayi ne kawai?

AMSA: Ba yayi ba ne, ɗan'uwa, ko da yake ana liƙa sunan a kan ayyukan da ba su cancanta ba. Manufarsa ita ce a hana ɓarna tun daga ƙirar sinadari da hanyar haɗa shi, maimakon a jira ta auku a zo ana shara. Paul Anastas da John Warner suka tsara ƙa'idojinsa goma sha biyu a 1998, amma kafin su Barry Trost ya kawo tunanin lissafa yawan ƙwayoyin zarran da aka zuba da suka ƙare a cikin abin da ake so, Roger Sheldon kuma ya nuna cewa a masana'antar magani kowane kilo na magani yakan bar kilo 25 zuwa sama da 100 na shara, mafi yawanta ruwan narkarwa. Misalin da aka fi kawowa shi ne na maganin ibuprofen: tsohuwar hanyar haɗa shi mataki shida ce, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari na abin da aka zuba ne yake shiga maganin, sabuwar hanyar da aka fara aiki da ita a farkon shekarun 1990 kuwa mataki uku ce, ta kai kimanin kashi 77.

Ga mai ƙaramin ɗakin gwaji, wannan ƙofa ce mai kyau. A shekarar 2000 Benjamin List ya nuna cewa furolin, wani sinadari mai araha da ke cikin furotin, yana iya zaburar da haɗuwar sinadarai ya kuma fifita siffa ɗaya a kan tagwarta, aikin da a da aka fi dogara da ƙarafa masu tsada ko enzayim a kansa. David MacMillan ya iso ga irin wannan tunani a shekarar, su biyun suka raba lambar Nobel ta 2021. Fifita siffa ɗaya yana da muhimmanci domin sinadarai da yawa suna zuwa ne a siffa biyu kamar hannun hagu da na dama, kuma jiki yana iya karɓar ɗaya ya ƙi ɗaya. Gargaɗina shi ne kada ka kira hanyarka koriya don kawai ka yi amfani da ruwa ko ganye. Ka lissafa sharar da ta fita da wutar da aka ci, ka kwatanta da tsohuwar hanya.

TAMBAYA: Ana neman maƙaloli kafin a ƙara mini girma. Wata mujalla ta aiko mini da saƙo cewa za ta wallafa aikina cikin mako guda idan na biya. In aika?

AMSA: Kada ki aika, Malama. Mujallar ƙwarai tana miƙa maƙala ga masana biyu ko uku su tantance ta, su nemi gyara ko ƙarin gwaji, kuma wannan yakan ɗauki makonni ko watanni. Biyan kuɗi kaɗai ba alamar zamba ba ne, domin akwai mujallu nagari da ke karɓar kuɗi don kowa ya karanta kyauta, kuma da yawansu suna rage wa masu bincike na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko su yafe musu. Alamomin zamba su ne alkawarin wallafawa kafin a ga aikin, da saƙon yabo ga wanda ba a sani ba, da mujalla ɗaya mai karɓar kemistiri da shari'a da adabi a lokaci guda. Ki duba ko tana cikin manyan rumbunan tantance mujallu irin su Scopus da Web of Science ko jerin DOAJ, kuma ki duba a rumbun da kansa, kada ki dogara da tambarin da mujallar ta liƙa a shafinta. Hanya mafi sauƙi ita ce ki dubi mujallun da kike karantawa kina kafa hujja da su, ki aika wa ɗayansu. Maƙalar da ta shiga mujallar banza ta mutu, domin ba za ki iya sake wallafa ta a wani wuri ba, kuma kwamitocin ba da tallafi suna ganin sunan mujallar. Na san matsin ƙirga maƙaloli gaskiya ne, har ma a 2012 aka tsara wata sanarwa a San Francisco da ke kira ga jami'o'i su auna ingancin aiki maimakon darajar mujalla, amma kafin jami'arki ta sauya, ki tara naki adadin a wuraren da ba za ki ji kunyar ambata ba bayan shekara goma.

TAMBAYA: 'Yata ta sami gurbin digiri na uku a oganik, amma ina jin tsoron gubar da za ta riƙa shaƙa shekara da shekaru. Akwai haɗari?

AMSA: Akwai, ranka ya daɗe, kuma tsoronka a wurinsa yake, sai dai haɗari ne da aka san yadda ake tsare shi. Abin da ya fi yawan jawo rauni a ɗakin gwajin oganik shi ne gobarar ruwan narkarwa, da fallatsar asid a ido, da yankan gilashi, sa'annan akwai illar shaƙar wasu ruwaye na tsawon lokaci, kamar benzin da aka tabbatar yana jawo sankarar jini, wanda saboda haka aka maye gurbinsa da wasu a yawancin ayyuka. Labarin da ake koya wa ɗalibai shi ne na Farfesa Karen Wetterhahn ta kwalejin Dartmouth a Amurka, ƙwararriya a kan gubar ƙarafa. A watan Agusta na 1996 ɗigo kaɗan na wani sinadarin oganik mai ɗauke da zaiba ya zuba a kan safar hannunta ta roba. Ta bi duk ƙa'idojin da aka sani a lokacin, amma daga baya gwaji ya nuna cewa sinadarin yana ratsa irin wannan safa cikin daƙiƙoƙi. Alamun cutar ba su bayyana ba sai bayan watanni, ta rasu a watan Yuni na 1997, kuma rasuwarta ta sa aka sauya ƙa'idojin aiki da shi.

Abin da ya kamata 'yarka ta tambaya kafin ta fara shi ne ko akwatunan zuƙe hayaƙi suna aiki kuma ana gwada su, ko akwai wurin wanke ido da na'urar kashe gobara a kusa, ko ana horar da sababbin ɗalibai kafin a bar su su taɓa komai, da kuma inda ake kai sharar sinadarai. Ta saba da karanta takardar bayanin haɗari da ke zuwa da kowane sinadari kafin ta buɗe kwalba, ta sa tabarau ko da ba ita ke gwaji ba, kada ta ci abinci a ciki, kada kuma ta yi aiki mai haɗari ita kaɗai da dare. Idan ta sami juna biyu, ta sanar da mai kula da aikinta da wuri domin a sauya mata ayyukan da take yi, tunda wasu ruwayen narkarwa da ake amfani da su kullum suna iya cutar da ɗan tayi.